Hasken Gaggawa A Manyan Gine-gine: Batir A Kowace Fitila, Ɗakin Batir, Ko Janareta?

Matattakalar babban bene ba kasafai take da taga ba. Da tsakar rana ko da tsakar dare, idan wuta ta ɗauke, duhun da ke cikinta iri ɗaya ne. Kuma ta nan ɗaruruwan mutane za su sauka da zarar lif ya tsaya, wani da jariri a kafaɗa, wani yana dogara sanda, wataƙila ga hayaƙi yana bin su daga baya. Duk maganar zaɓen abin da zai riƙe fitilun gaggawa a kan waɗannan mutanen take, shi ya sa ba ta kama da sayen janareta don kada firij ya saki.

Hasken da ake bukata ba wani mai yawa ba ne. Da luks ake auna hasken da ke sauka a wuri. Ƙa'idar Turai ta EN 1838 ta ce a sami luks 1 a ƙasan hanyar fita, a sami rabin luks a manyan zaure. Farin wata a daren sha huɗu ma kusan rubu'in luks yake bayarwa. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 101 ta fi buɗa hannu, tana neman matsakaicin luks 10.8 a farkon ɗaukewar wuta. Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. A Amurka dole haske ya dawo cikin daƙiƙa 10 ya kuma jure minti 90. A Turai ana son rabin hasken cikin daƙiƙa 5, cikakkensa cikin daƙiƙa 60, ya yi aƙalla awa ɗaya. A Birtaniya, ƙa'idar BS 5266 ta kai shi awa 3 a duk inda mutane ke kwana, kamar otal da asibiti, da kuma ginin da ake son a koma cikinsa nan take bayan wuta ta dawo. Kowace ƙasa da dokar gininta, kuma ita za a fara dubawa, amma yawancinsu daga waɗannan tushen suka ɗebo.

Hanyoyi uku ne ake yawan ɗora wa mai gini a kan teburi: fitilar da ke ɗauke da batirinta a ciki, ɗakin batir guda da ke ciyar da dukkan fitilu, sai janareta. Akwai ta huɗu, wato UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, wadda zan taɓa a gaba don in ce a yi hattara da ita.

Kafin farashi, kafin tsawon rai, tambayar da nake fara yi ita ce: a ina wutar za ta katse? Mutane da yawa hoton da ke ransu shi ne dukkan unguwa ta yi duhu. Wannan kam janareta ta iya da shi. Amma gobara ba haka take zuwa ba. Waya ce za ta ƙone a hawa na goma sha biyu, makatsar wutar wannan hawan ta faɗi, sauran ginin yana nan da haskensa tar. Na'urar da ke tayar da janareta tana can ƙasa tana kallon babban layi, ta ga lafiya lau, ba za ta motsa ba. Hawan da ke ci da wuta, wanda ya fi kowane bukatar haske, shi kaɗai ne zai zauna cikin duhu, alhali ga janareta cike da mai a ƙasa.

A nan fitila mai batir a ciki ta yi wa sauran fintinkau. Tana haɗe da layin fitilun ɗakin da take, idan wannan layin ya mutu ita ce ta farkon sani, ta kunna kanta kafin ƙiftawar ido. Ba ta jiran umarni daga ko'ina. A ginin da ke da guda ɗari huɗu, idan gobara ta cinye biyar, sauran ɗari uku da casa'in da biyar ba ruwansu. Sanya ta ma ba wahala: ba ɗaki na musamman, ba wayar da ke jure wuta, kuma idan aka raba wani ofis gida biyu sai a ƙara fitila ɗaya kawai. Ga tsohon gini da ake gyarawa, inda fasa bango don jan sabbin wayoyi zai zama tashin hankali, sau da yawa ita ce kaɗai hanyar da za ta yiwu. Sharaɗi guda ne, kuma masu aikin wuta na yawan kuskure a kansa: dole a jawo mata wayar da ba ta bi ta makunnin bango ba, kuma daga layin fitilun wurin, kada a ɗebo daga wani layin na daban don ya fi kusa.

Aibinta kuwa a hankali yake bayyana. Ka ɗauki gini mai irin waɗannan fitilu 400. Ba batir ɗaya kake da shi ba, 400 ne, kowane a maƙale a silin, inda zafin ɗaki ke taruwa. Ƙa'idar ƙera su ta ɗauki ran batirin a kan shekara huɗu. Doka kuma tana son a gwada kowace fitila duk wata na ɗan lokaci, daƙiƙa 30 a tsarin Amurka, sannan sau ɗaya a shekara a bar ta ta yi cikakken wa'adinta a kan batir. Ko minti biyar kacal ka ba kowace fitila, da zuwa wurinta da gwaji da rubutawa, minti 2,000 ke nan, sama da awa 33 duk wata. A cikin shekarar farko ana yi. A shekara ta uku takardar gwajin ce kawai ake cikawa a ofis. Ƙaramar koriyar ƙwayar da ke jikin fitilar kuma tana yaudarar mutane: abin da take nunawa shi ne caji yana shiga, ba ta ce batirin zai iya riƙe awa uku ba. Batirin da ya tsufa zai iya kunna fitila minti biyu ya mutu, ya wuce gwajin wata lafiya lau.

Maganin wannan ya samu, wato fitilu masu gwada kansu. Wasu suna yin gwajin su kaɗai su canza launin ƙwayar idan akwai matsala, wanda har yanzu sai mutum ya zaga ya ɗaga kai ya gani. Wasu kuma ana haɗa su da waya irin ta DALI, wato tsarin sarrafa fitilu, ko ta iska, su aika rahoto zuwa kwamfuta ɗaya: fitila mai lamba kaza a hawa kaza, batirinta ya gaza a minti kaza. A ganina, gini da fitilunsa suka haura ɗari bai kamata ya sayi waɗanda ba su da wannan ba. Amma kwamfuta ba ta hawa tsani. Sai an sami wanda zai karanta rahoton ya je ya canza batirin.

Irin batirin ma abin dubawa ne. Shekaru da dama nikel-kadmiyam ne ke mulki saboda juriyar zafi, sai dai kadmiyam guba ne, kuma dokar batir ta Tarayyar Turai ta 2023 ta toshe masa hanya a irin waɗannan ƙananan kayayyaki. Yanzu kasuwa ta karkata ga litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubutawa LiFePO4. Ya fi daɗewa, ba ya cin wuta sosai wajen riƙe caji, kuma bai kai sauran dangin litiyam saurin kamawa da wuta ba. Rauninsa sanyi ne: ba a cajinsa a ƙasa da digiri sifili. Don haka a ɗakin daskarar da kaya ba shi da wurin zama.

Ɗakin batir guda ya juya lissafin gaba ɗaya. Fitilun da ke silin babu komai a cikinsu sai kwan LED da ɗan abin sarrafa shi. Batiran suna ƙasa a jere a kan kanta, inda ma'aikaci zai tsaya da ƙafafunsa ya auna kowane. Wani tsari da ya yaɗu a Turai shi ne a jera batir 18 masu bolt 12 su ba da bolt 216, wasu kuma su bi ta inbata su fitar da wuta irin ta gida. Ƙa'idar EN 50171 tana son batiran babban tsari su zama masu ran shekara 10 a zafin digiri 20, su kuma koma kashi 80 cikin ɗari na cajinsu cikin awa 12 bayan sun ƙare. Fitila mai batir a ciki awa 24 ake ba ta.

Girman batirin ba ya da ban tsoro tun da LED ta shigo. Fitila 400 masu wat 5 kilowat 2 ne. Awa uku, kilowat-awa 6. Ka ƙara rubu'i saboda tsufa, ka ƙara abin da inbata za ta ci, kana wajen kilowat-awa takwas zuwa tara. Akwati ɗaya ko biyu ne a ƙaramin ɗaki.

Inda wannan tsari ya fi dacewa shi ne wurin da silin ya yi nisa da hannu: filin jirgin sama, babban ɗakin taro, rumbun ajiya, filin wasa mai rufi, tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. A irin waɗannan wurare canza batir ɗaya na nufin hayar injin ɗaga mutum da rufe wani sashe na ginin. Haka kuma wuraren da zafi ko sanyi ya wuce kima, tunda batirin ba ya tare da fitilar. Wani amfanin kuma, fitilar za ta iya ba da cikakken haskenta, saɓanin mai ƙaramin batir wadda kan rage haske don ta kai wa'adi.

To amma wanda ya tara ƙwansa a kwando ɗaya dole ya tsare kwandon. Wayar da ta tashi daga ɗakin batir zuwa hawa na ashirin za ta ratsa wuraren da gobara za ta iya kamawa, saboda haka sai an yi amfani da wayar da ke jure wuta, irin wadda aka gwada ta ci gaba da aiki minti 30, 60 ko 90 a cikin harshen wuta. Ba wayar kaɗai ba, har maƙalanta: waya mai jure wuta da aka ɗaure da maɗaurin roba za ta zubo ƙasa da zarar robar ta narke. Nan ne kuɗin wannan tsari yake tafiya, kuma nan ne ɗan kwangila mai son rage zafi yake yin ƙwange, tunda bayan an rufe silin ba mai gani. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC kan wayoyin gini ta kuma hana a ɗora fitila sama da 20 a layi ɗaya, ana kuma son a saɓa su, fitilar nan daga wannan layi, ta kusa da ita daga wancan, don kada layi ɗaya ya mutu ya tafi da dukkan hasken baranda.

Sai kuma waccan matsala ta hawa na goma sha biyu. Ɗakin batir shi ma makaho ne kamar janareta, sai an sa masa idanu. Kowane allon rarraba wuta na kowane hawa sai an sa masa 'yar na'urar da za ta sanar idan layin fitilu ya faɗi. Idan na ga takardar tayin aiki babu waɗannan na'urori a ciki, na san wanda ya rubuta ta bai fahimci aikin ba, ko kuma yana fatan ni ban fahimta ba.

Zafi kuwa shi ne ajalin batirin dalma, irin wanda aka saba jerawa a ɗakin batir. Shekara 10 ɗin nan da aka rubuta a jikinsa a digiri 20 ne. Duk ƙarin digiri 10 yana raba ransa kusan biyu: a digiri 30 shekara biyar, a digiri 40 biyu da rabi. Ɗakin batir da aka kafa kusa da tukunyar ɗumama ruwa, ko a saman rufi ba na'urar sanyaya ɗaki, an riga an kashe shi tun ranar da aka buɗe ginin. Yana kuma son iska ta riƙa ratsawa, domin batirin dalma kan fitar da iskar haidurojin lokacin caji. Kuma tunda a jere suke kamar carbi, ɗaya ya lalace ya ja sauran ƙasa.

Akwai tsaka-tsaki da ba a cika ambata ba: ƙananan akwatunan batir, ɗaya a kowane hawa ko kowane sashen da bangon hana gobara ya keɓe, kowane yana ciyar da fitilu 'yan gomomi. Wayar ba ta fita daga sashen, don haka bukatar waya mai jure wuta ta ragu sosai, batiran kuma suna inda hannu zai kai. Ga doguwar hasumiyar ofisoshi ko otal, sau da yawa wannan nake fifitawa.

Game da UPS ta ɗakin kwamfuta, a taƙaice: kada a jingina fitilun gaggawa da ita. An ƙera ta ne ta riƙe na'urori 'yan mintuna har janareta ta tashi. Inbatar hasken gaggawa ana son ta ɗauki kashi 120 cikin ɗari na nauyinta har ƙarshen wa'adi, ta jure fizgar da ɗaruruwan fitilun LED ke yi lokacin da suka kunnu tare, kuma idan waya ɗaya ta haɗe saboda gobara ta iya turo ƙarfin da zai ƙona fiyus ɗin wannan layin kaɗai. UPS ta yau da kullum idan ta ga haka kashe kanta take yi don ta tsira, ta tafi da hasken ginin baki ɗaya. Haka zancen sola: inbatar da ke haɗe da babban layi kashe kanta take yi idan layin ya ɗauke, batirin sola da ake sha kullum kuma ba wanda zai rantse a cike yake da ƙarfe huɗu na asuba.

Janareta fa? Abin da take da shi wanda batir ba shi da shi shi ne dogon numfashi da ƙarfi. Muddin akwai mai, za ta yi kwanaki. Ita ce ke iya juya famfon kashe gobara, da fankokin zuƙe hayaƙi, da lif ɗin 'yan kwana-kwana. Dogon bene ko asibiti ba ya rabuwa da ita. Amma a matsayin abin dogaro guda na fitilun tsira, ban yarda da ita ba, kuma tarihi ya ba da dalili.

Ranar 26 ga Fabrairu 1993 bam ya tashi a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Ya katse manyan layukan wuta, ya kuma fasa bututun ruwan da ke sanyaya janaretocin gaggawa, suka yi aiki na ɗan lokaci suka tsaya. Dubban mutane suka sauko daga benaye masu hawa 110 cikin duhu da hayaƙi, wasu sai da suka shafe sa'o'i. Bayan nan aka sa fitilu masu batir a matattakalun, aka shafa fenti mai ƙyalli a duhu a bakin matakai da madogara, kuma waɗanda suka tsira daga harin da aka kai wa benayen ranar 11 ga Satumba 2001 da yawa sun ambaci amfanin wannan. A 2004 birnin ya wajabta irin wannan alama mai ƙyalli a dogayen ofisoshi. Ita ba ta bukatar waya ko batir, haske take sha lokacin da fitilu ke kunne ta mayar da shi a duhu. Ba ta maye gurbin fitila, amma da wuya a sami abin da ya kai ta arha a wannan fanni.

A Oktoba 2012 guguwar Sandy ta sake koyar da darasin ta wata fuska. A asibitin Bellevue da ke New York janaretocin suna hawa na 13, nesa da ambaliya, amma famfunan da ke tura musu mai suna ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya shanye su. Sai da mutane suka yi layi a matattakala suna miƙa wa juna mai hannu da hannu har sama, daga baya dai aka kwashe marasa lafiya. Maƙwabcinsa NYU Langone shi ma an kwashe shi a daren guguwar. Janareta ba injin kaɗai ba ce. Tanki, famfo, ruwan sanyaya, batirin tayarwa, na'urar sauya layi, kowane ɗaya ya gaza an gama.

Ko babu bala'i, tana da halinta. Daƙiƙa goman da take ɗauka kafin ta tashi kaɗan ne a bakin mai magana, amma ka rufe ido a tsakiyar matattakala cike da mutane ka ƙirga goma. Dizal da ya daɗe a tanki yana tara ruwa da dauɗa ya toshe matata. Injin dizal kuma ba ya son ƙaramin kaya: idan ana tayar da shi ba nauyi, man da bai ƙone ba yana taruwa a salansa. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta NFPA 110 ta ce a gwada shi duk wata na minti 30 da nauyin da bai gaza kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Kilowat biyun fitilunmu ba za su ko sa shi gumi ba. Abin da ya fi yawan hana janareta tashi kuwa, abin dariya, shi ne ɗan batirin tayar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da ya shafi duk wurin da wuta ke yawan ɗaukewa: idan janareta ce ke ɗaukar ginin awanni da dama kowace rana, ta daina zama ta gaggawa, ta zama wutar yau da kullum, kuma ita kanta tana bukatar mai tsaya mata. Batiran fitilu ma a irin wannan wuri suna shan wahala, domin an ƙera su ne su zauna a cike suna jira, ba a riƙa zuƙe su kullum ba. Idan an ɗauke wuta da safe sun ƙare, aka sake ɗaukewa da yamma, rabin caji za a tarar. A nan dole layin da ke cajin fitilun ya kasance a bayan janareta, kuma litiyam ya fi dalma da nikel jure wannan sintiri.

Da za a ce in zaɓa: ginin ofis ko makaranta mai matsakaicin girma, silin da tsani ke kaiwa, ba ma'aikacin wuta na dindindin, fitilu masu batirin litiyam a ciki masu aika rahoton gwaji. Babban zaure, filin jirgi, rumbu, masana'anta mai zafi ko ɗakin sanyi, ɗakin batir, da sharaɗin akwai ƙwararren da zai riƙa duba shi da kuma kuɗin canza batiran gaba ɗaya a lokaci guda idan wa'adinsu ya yi, domin wannan kashe kuɗin ba ya zuwa kaɗan-kaɗan. Dogon bene, otal da asibiti, janareta tare da batir, batirin ya cike daƙiƙun farko ya kuma tsaya idan janareta ta ƙi, ita kuma ta karɓi dogon zango. Ko a ginin da ke da ɗakin batir, ina son a sa 'yan fitilu masu batirin kansu a ɗakin janareta, da ɗakin allon wuta, da shi kansa ɗakin batirin, saboda wanda zai je gyara kada ya yi lalube.

Ranar karɓar aiki daga ɗan kwangila, zai so ya kashe babban makunni a ƙasa kowa ya ga fitilu sun kama a tafa masa. A bar shi ya yi. Bayan nan a mayar da wuta, a hau wani hawa da bai zaɓa ba, a buɗe allon wannan hawan a kashe layin fitilun baranda shi kaɗai, a duba agogo. Sannan a bar fitilun a kan batir har cikar wa'adin da aka rubuta a kwangila, awa ɗaya da rabi ne ko uku, a zaga da na'urar auna haske a minti goman ƙarshe, a aza ta a ƙasa a kan matakala, a rubuta abin da ta nuna.